Milimita Talatin

Shekara goma sha tara ina shimfiɗa tayil a banɗakin mutane,
daga Darnall har Hillsborough,
ban taɓa auna wuri ɗaya sau biyar ba
sai yau da ɗakin ya zama nawa.

Sheffield gari ne da bai san lebur ba.
Ka ajiye lemo a ƙofar gida,
sai ka je unguwar wasu cigiya.
Duk wannan tudu da kwari,
ni kuwa ɗan gangare nake nema,
wanda ruwa zai gane,
ƙafa ba za ta sani ba.

Ɗakin ajiya ne a da, nan ƙasa, kusa da kicin.
Na kwashe akwatuna, da keken ɗinki,
da tukwanen da muke jira a yi biki.
Na ɗaga katakon daɓe,
ƙamshin tsohon gida ya taso, sanyi da ƙasa.

Daga bango zuwa bakin rariya, mita ɗaya da rabi.
A bayan ambulan ɗin asibiti na rubuta:
ɗaya cikin hamsin.
Na raba, na goge da yawu, na sake rabawa.
Milimita talatin.
Bai cika faɗin yatsu biyu ba,
amma ya hana ni barci kwana uku.

In na ƙara, keken Ladidi ya zame da ita,
ya kai ta inda ba ta ce ba.
In na rage, ruwa ya samu masauki a kusurwa,
ya yi gansakuka,
ko ya bi ƙarƙashin ƙofa ya je gaida kafet.
Ruwa ba ya karɓar haƙuri.
Ba ya duba furfura, ba ya tambayar wa ya yi aikin.

Na ɗora ma'auni a kan kwaɓin siminti.
Kumfar nan ta ciki
tana kai da komo tsakanin layi biyu
kamar mai jiran likita ya fito.

Tanimu.
Daga falo muryar ta zo,
a hankali, yadda take zuwa tun watan azumi
da ɓarin jikinta na dama ya yi shiru.
Ka auna kusurwa?

Ban auna ba.
Shekara goma sha tara, ban tuna ba yau.
Ita da ta koyar da lissafi a Gusau
kafin ƙasar nan ta mai da ita mai lissafin albashin wasu,
ta rufe ido, leɓenta na motsi ɓangare guda.
Mita biyu da ɗoriya, in ji ta.
Can zai zama ɗaya cikin saba'in.
Na ce, to ya isa?
Ta ce, zai tafi.
Ba da gaggawa ba dai. Kamar ni.

Na yi dariya har ambulan ya faɗa cikin kwaɓi.

Ranar Asabar komai ya bushe.
Na turo ta bakin ƙofa, na taka birki,
na cika buta da ruwan ɗumi
na sa mata a hannun hagu,
hannun da yanzu yake koyon zama babba.
Ta karkata ta, rabi ya zuba a silifas ɗina.

Sauran ya tsaya a kusurwar can mai nisa,
ya yi jim, kamar baƙon da aka yi wa kwatance.
Ba wanda ya yi magana.
A waje bas na nishi tana hawan tudu.
Sai wani siririn zare ya ɓalle daga jikinsa,
ya bi layin tayil,
ya ja 'yan'uwansa.

Rariya ta yi ɗan maƙwat.

Ladidi ta miƙo mini butar.
Ƙaro, ta ce,
ban gama dubawa ba.